Sawun da Ke Juyawa Hagu

Ranar Asabar da hantsi aka gane cewa ɓawon ido guda biyu sun ɓata daga ƙaramin asibitin ido da ke bayan tashar mota a Birnin Konni, kuma kafin azahar babu teburin mai shayi da ba a yanke hukunci a kansa ba. Ba a fasa ƙofa ba. Kwaɗon akwatin ƙarfen da ake ajiye su yana nan garƙame yadda aka bar shi. Makulli kuwa mutum ɗaya ke riƙe da shi, Wasila, malamar jinya, wadda ta yi shekara shida a wurin ba a taɓa neman ko auduga an rasa ba.

Ɓawon ido sunan da mutanen gari suka ba abin ne. Ɗan siriri ne mai haske, kamar ɓawon ciki na albasar Galmi, ana ɗora shi bisa ƙwayar ido, kuma a cikinsa akwai zoben waya da bai kai kaurin gashi ba. Wata ƙungiya ce ta kawo guda goma sha biyu don gwaji a kan masu hawan jinin ido, ciwon nan da ke cin gani daga gefe-gefe har ya bar mutum yana leƙen duniya kamar ta cikin kara. Tun zuwansu garin ya rabu biyu. Wasu suka ce yana maido wa makaho gani, wasu suka ce Turawa ne ke kallon tsakar gidajen mutane ta cikinsa.

Likitan da ke kula da gwajin yana Yamai. Ya bugo waya ya ce ranar Talata zai dawo, in bai tarar da su ba dole ya kai maganar wurin jandarma, kuma sunan mai makulli zai fara bayarwa. Mai unguwa Alkasum, wanda da bakinsa ya lallashi mutane suka yarda da gwajin, ya roƙi a ba shi kwana uku. Ya ce a tafi Tajaye a ɗauko Labbo, Bafillacen nan mai bin sawu.

*

Shekara talatin da wani abu Labbo yana bin sawu. Ya taɓa bin shanu bakwai daga Tajaye har bayan Malbaza, ya same su an shafe musu alamar kunne, ya kuma nuna gidan ɓarawon da sanda ba tare da ya tambayi kowa hanya ba. A ƙauyukan Illela in aka ce "a kira Labbo", sau da yawa akuyar da ta ɓata takan dawo da kanta kafin gari ya waye.

Abin da ba wanda ya sani shi ne damina uku ke nan gefen hagunsa ya rufe. Ba zafi, ba ja, ba yana. Duniya ce kawai take matsewa. Bara ya rasa sawun raƙuman wani Illo ya ɗora wa iska laifi, aka yarda, don ba a saba jin ƙarya daga bakinsa ba. Ko matarsa bai gaya wa ba. Ya san ranar da maganar ta fita, ba mai sake aiko masa, kuma duk wanda ya taɓa nunawa zai ce dama makaho ne ya kama shi.

Motar asibitin ce ta zo ɗaukarsa. Direban, Yakuba, mutum ne mai fara'a, ya kai shekara arba'in da biyar, da baƙin tabarau irin na direbobi. Ya gaishe shi da ladabi, ya buɗe masa gaba. A hanya ya yi ta labarin manyan motocin siminti na Malbaza da yadda ba sa kauce wa kowa. Labbo yana jin sa da rabin kunne, idonsa a kan kwalta, har sai da ya ji an taɓa masa gwiwa.

"Baba Labbo, goro. Tun ɗazu nika miƙo maka."

Labbo ya juya dukan kansa ya karɓa, ya ce tunani ne ya ɗauke shi. Yakuba ya sa bayan hannu ya share wani ruwa da ya gangaro daga ƙarƙashin tabarau, ya ce mura ce ke damunsa tun ruwan ranar Alhamis.

*

Wasila ba ta yi kuka ba, ko da yake idonta ya nuna ba ta yi barci ba. Ta buɗe akwatin ta nuna wa Labbo sauran, kowane yana iyo cikin ɗan ruwansa a rufe. Gefe guda akwai wasu lanƙwasassun faci, da wasu na'urori baƙaƙe kamar ƙananan salula.

Ya tambaye ta wanne ya fi daraja a kasuwa. Ta ce na'urar, don ɓawon sau ɗaya ake sa shi a jefar. Ya tambaye ta guda nawa aka ɗauka cikin na'urorin. Ta ce ko ɗaya.

Sai ta yi masa bayani a hankali, da muryar wadda ta gaji da maimaita abu ɗaya ga mutanen da ba sa son ji. Ɓawon ba shi da batir, don ba a sami batirin da ido zai iya ɗauka ba. Facin nan da ake liƙawa kewaye da ido shi ke ba shi wuta, shi ke kwashe abin da ya auna ya tura wa na'urar da ake ɗaure wa mutum a ƙugu. Yini ɗaya da kwana ɗaya ake bari, a cire. Abin da yake yi kawai shi ne ya ji lokacin da ruwan cikin ido ke hawa da lokacin da yake sauka, don likita ya san sa'ar da ya kamata a ɗiga magani. Ba ya ɗaukar hoto. Ba ya maido da gani. Masu ƙera shi a can suna fatan wata rana su yi mai sakin magani da kansa, ko mai nuna rubutu, amma har yanzu fata ne. Ko wannan ɗin, a zafin Konni yana bushewa, cikin mutum biyar da aka sa wa biyu sun cire kafin lokaci saboda ƙaiƙayi.

"In mutum ya sa shi shi kaɗai, ba faci ba na'ura fa?" in ji Labbo.

"Kamar ya sa ɓawon albasa ne, Baba. Sai dai ya fi shi haɗari. Yana kama ido tam, ba kowa ke iya cire shi da yatsa ba. In ya wuce kwanansa ido bai samun iska, gyambo ka iya fitowa. Kowace rana aka ƙara, sai abin da Allah ya tsare."

Labbo ya daɗe yana kallon akwatin, ya fi daɗewa fiye da yadda aikin ke buƙata. Sannan ya tambaye ta inda makullin ya kwana ya kuma yini. Ta ce cikin jakarta. Ranar Juma'a an rufe da sha biyu, Yakuba ya sauke ta gida, ta ma manta jakar a mota, shi ya kawo mata bayan an sauko daga masallaci, ko tsinke bai taɓa ba. Ta faɗi haka ne don ta nuna irin mutanen kirkin da take aiki da su.

*

Gaban asibitin ba abin dubawa. Saude, tsohuwar da ke shara, ta share shi tas tun da asuba, kuma ta ce ko gobe za ta share, ba a ɗauke ta aikin ajiye sawun ɓarayi ba. Amma bayan ginin, inda take zubar da ruwan wanke-wanke a gindin zogalenta, ƙasa tana da damshi, kuma ba mai bin wurin sai ita.

Labbo ya jira rana ta sunkuya bayan la'asar, lokacin da kowane ɗan rami ke samun inuwarsa. Ya ce kowa ya tsaya baya. Ya tsuguna, ya matso da fuskarsa kusa da ƙasa fiye da yadda yake yi a da, mutane suka ɗauka ƙwarewa ce.

Sawun namiji ne, daga ƙofar baya zuwa kusurwar katanga, taku ashirin da ɗaya. Silifa irin na roba, wanda rabin Konni ke sawa. Ba gudu yake ba. Amma bayan kowane taku biyar ko shida ƙafafun sukan tsaya su murɗa hagu gaba ɗaya, sannan su miƙe su ci gaba. Akwai wani tsohon turken akuya a gefen hagu, ya yi tuntuɓe da shi, ga inda babban yatsa ya karci ƙasa. A kusurwa kafaɗarsa ta goge farar ƙasar bango. Daga nan sai titi, inda baburan kabu-kabu suka niƙe komai.

Mai unguwa ya tambaye shi abin da ya gani. Labbo ya ce mutum ne mai tsoro, yana waiwaye ko ana ganinsa. Da ya faɗa ya ji maganar ba ta zauna masa ba. Mai tsoro yakan juya wuya ne, kuma yakan duba dama da hagu. Gefen hagun nan ba komai sai katanga.

*

Ranar Lahadi Labbo ya bi sunayen da gari ke kira.

Na farko Malam Hashimu, limamin masallacin unguwa, wanda aka ce ya yi huɗuba a kan ɓawon ido. Ya tarar da shi a zaure yana gyaran tazbaha. Malam ya yi dariyar gajiya, ya ce shi bai taɓa cewa Turawa na leƙen kowa ba, mutane ne ke ƙara wa magana gishiri kafin su kai bakin ƙofa. Abin da ya dame shi alwala ce. An liƙa wa tsoho faci a fuska an ce kada ruwa ya taɓa shi yini da kwana, salloli biyar ke nan, tsofaffin suka zo suna tambayarsa. Ya duba littattafansa ya ce musu su shafa bisa facin kamar yadda mai karaya ke shafa bisa ɗauri. Shi ke nan huɗubar.

"Kuma lokacin da kuka ce an yi satar, ni ina bisa mumbari, mutum ɗari uku na kallona," in ji shi. "In na iya zama wuri biyu, Labbo, da ban tsaya limancin unguwa ba."

Na biyu Junaidu, ɗan kabu-kabu, wanda aka gani ya tsallaka iyaka ranar Juma'a da wani ƙunshi. Shi ya ɗan yi zafi. Ya ce in kaza ta ɓata a Konni sai a ce ɗan kabu-kabu, in miji ya gudu sai a ce ɗan kabu-kabu ne ya kai shi. Ƙunshin atamfa ce ta wata amarya, a je a tambayi uwarta. Ya ƙara da cewa in da shi ne, na'urar zai kwasa, wa zai saya masa ɓawon albasa a kasuwar waya? Labbo ya sa shi ya yi ɗan tafiya a kan yashi. Sawun matashi ne, miƙaƙƙe, mai danna yatsu, ba ya waiwayen kowa.

Da ya dawo ya tarar da mata biyu a bakin asibiti, sun zo a cire sunan mazansu daga gwajin. Ɗaya tana cewa ai dama an ce malamar tana sayar da su Sakkwato. Wasila tana tsaye tana jin su, hannunta cikin aljihun farar riga. Labbo ya ratse ta bayan ginin don kada su tsayar da shi.

Ya sake bin sawun daga ƙofa zuwa kusurwa, bai sami sabon abu ba. Ya juyo zai koma, sai idonsa ya faɗa kan wani sawun dabam a gefen na farko, na takalmin fata irin na makiyaya. Taku biyar, murɗawa hagu. Taku shida, murɗawa hagu. Kusa da turken an ɗan ja ƙafa. Ya ɗauki lokaci kafin ya yarda cewa nasa ne na jiya.

Ya zauna a gindin zogale. Shekara talatin yana karanta ƙafafun mutane, bai taɓa juyowa ya karanta nasa ba. Ashe duk ɓoyon da yake yi, ƙasa tana rubuta shi a bayansa kullum, sa'arsa kawai ba wani mai karatun.

Yanzu ya san abin da yake nema. Mutumin da gefen hagunsa ya rufe, wanda ya ji rabin labarin ɓawon ido bai ji sauran ba, wanda kuma ba zai iya zuwa ta ƙofar gaba ya ce a auna shi ba.

*

Ya sami Yakuba a ƙarƙashin dogon yaro yana wanke mota. Labbo ya zagaya motar yana shafa ta da tafin hannu. Gefen dama sumul. Gefen hagu kuwa tun daga fitila har baya duk karce ne, sabo bisa tsoho, madubin an ɗaure shi da roba.

Yakuba ya ce 'yan kabu-kabu ne, ba su da tarbiyya. Labbo ya ce haka ne, sai dai abin mamaki duk ta gefe ɗaya suke zuwa. Ya tambaye shi inda ya yi sallar Juma'a. Yakuba ya ambaci wani masallaci can bakin gari. Ruwan nan ya sake gangarowa daga ƙarƙashin tabarau, wannan karon bai share ba.

"Kwana biyu ke nan shina cikin idonka," in ji Labbo a hankali. "Malama ta ce kwana ɗaya aka ba shi. Tahi ta cire maka."

Yakuba ya matse tsumman hannunsa har ruwa ya ƙare a ciki. Da ya yi magana, ladabin yana nan, amma muryar ta sauka.

"Baba Labbo, tun daga mararrabar Tajaye nika miƙo maka goron nan. Hannuna ga shi nan kusa da kuncinka. Na ƙirga itace goma sha ɗaya muna wucewa, ba ka gani ba. Ni na san mi ke sa haka, don ni ma ɗiyata ta kan tsaya nan gehena da kwanon abinci har ta gaji." Ya ɗaga kai. "Kai da ido kaka ci, ni ma da ido nika ci. Ina da 'ya'ya shida. Ka ce sawu ya ɓace a kwalta. Ni ban ga komai ba, kai ma ba ka ga komai ba."

"Malama fa?" in ji Labbo.

"Ba su da shaida a kanta. Za su tambaye ta su sake ta."

Labbo ya san ba haka ba ne, Yakuba ma ya sani. A gari irin wannan, wanda jandarma suka ɗauka a mota sau ɗaya ya gama aikin riƙe makulli. Amma duk da haka Labbo ya ɗauki sandarsa ya tafi masaukinsa a gidan mai unguwa, kuma da aka tambaye shi ya ce sai da safe. Ya san yana ƙara wa idon Yakuba kwana ɗaya don ya ƙara wa sunansa kwana ɗaya. Tuwon da aka kawo masa haka aka mayar da shi.

*

Da safiyar Litinin Labbo ya roƙi Saude ta yayyafa ruwa a gefen tsohon sawun, ta lallaɓe wurin da bayan tsintsiya. Ta yi tana mita, tana cewa jiya an hana ta shara yau an sa ta. Mai unguwa ya tara waɗanda aka ambata: Wasila, Malam Hashimu, Junaidu, da Yakuba, wanda aka ce ya zo don shi ma ma'aikacin gidan ne. Mutanen unguwa suka cika bakin katanga.

Labbo ya ce kowa zai taka daga ƙofar baya zuwa kusurwa, yadda ya saba tafiya. Malam Hashimu ya fara, yana cewa tun da aka yaye shi ba a sake taruwa kallon tafiyarsa ba. Junaidu ya bi, sai Wasila. Sawu uku miƙaƙƙu, ba wanda ya yi kama da na ɓarawo. Yakuba yana jingine da bango, hannunsa a harɗe, fuskarsa tana fuskantar Labbo.

"Saura ni," in ji Labbo.

Mai unguwa ya ce ai ba a zarginsa. Labbo ya ce ya sani. Ya jingina sandarsa, ya taka kamar yadda yake takawa in ba mai kallo. Bai yi ƙoƙarin gyara komai ba. Da ya kai kusurwa ya ce su matso su duba nasa su duba na ɓarawo. Junaidu ne ya fara gani, ya ce wallahi iri ɗaya ne, har wurin juyawar. Surutu ya tashi a bakin katanga, wani ya ce to ko Bafillacen ne ya sace ya dawo neman kansa.

"Ranar Juma'a ina masallacin Tajaye, sahun gaba," in ji Labbo. "Amma shekaranjiya na yi maka ƙarya, ranka shi daɗe. Na ce mutumin tsoro ke sa shi waiwaye. Ba tsoro ba ne. Ba shi gani ta hagu, sai ya juya jikinshi duka. Na san haka don ni ma damina uku ke nan ban gani ta nan." Ya ɗaga hannun hagu daidai kunnensa ya motsa yatsu. "Wanga hannu, ban ganin shi. Raƙuman Illo da na ce iska ta share sawunsu bara, ba iska ba ce. Ku kai mishi labari."

Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rigarsa. Labbo ya ji wani abu ya sauka daga kafaɗarsa, bai san ko nauyi ne ko ƙarfi ba.

"Yakuba," in ji shi, "abin da za ka hwaɗa a kaina na riga ka. Taka."

Yakuba ya taso ya tsaya a ƙofar baya, ya kafe wuyansa, ya nufi kusurwa kai tsaye, ya ƙudura ba zai juya ba ko sau ɗaya. Taku tara ya yi. A na goma ƙafarsa ta hagu ta daki turken akuyar, ya dafe ƙasa da hannu biyu, tabarau ya faɗi. Idon hagun ya yi ja kamar gauta, fatar ta kumbura, da ƙyar yake buɗe shi.

Wasila ce ta fara isa wurinsa. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta ce a kama mata shi a kai ciki, ta ce Saude ta kawo ruwan wanke hannu.

*

Ta ɗiga masa magani ta jira, sannan ta zare abin da ɗan ƙarfe mai laushin baki. Ta haska fitila ta duba, ta ce akwai ɗan gyambo a gefe, bai kai tsakiya ba, in Allah ya so zai warke. Ɗayan ɓawon kuwa Yakuba ya ciro shi daga aljihu cikin kwalin ashana. Ya bushe ya naɗe kamar ɓawon kifi.

Yakuba ya ce wata rana a hanyar Illela ya ji likita yana waya da Faransanci, yana maganar ɓawon da zai sa mutum ya ga abin da ke nesa, ya ga rubutu a cikin iska. Daga ranar bai sake samun natsuwa ba. Ya so ya tambaya, amma direban da ya tambayi maganin gani ya gama tuƙi. Ya ce ya yi niyyar in ya warke ya zo ya faɗi gaskiya.

"To da na sa facin da na'urar," in ji shi, "da ya yi?"

"Da ya gaya muna lokacin da idonka ke hawa," in ji Wasila. "Iyakarsa ke nan, Malam Yakuba. Abin da ya tahi ya tahi. Amma akwai maganin ɗigawa da ke riƙe sauran, kuma yana nan cikin wancan kabad tun ran da ka fara aiki da mu. Kai ka ɗauko shi daga Tawa."

Yakuba ya kalli kabad ɗin da idonsa mai kyau. Can ya laluba aljihu ya ciro makullin mota ya ajiye a kan tebur. Mai unguwa ya ce shi zai tari likita gobe da kansa, ya gaya masa abin ya fito kuma gida ya gama da gida. Ko likita zai yarda, wannan sai goben.

Mutane suka watse a hankali. Wasu sun gaishe da Labbo, wasu sun wuce kamar suna sauri. Ya ji wani yana cewa dama shi tun shari'ar shanun nan ta Malbaza bai gamsu ba. Junaidu ya tsaya da babur ya ce zai kai shi Tajaye, ba sai ya ba shi komai ba, tunda ya wanke 'yan kabu-kabu sau ɗaya a tarihi. Labbo ya ce ya gode, ya ɗan jira shi.

Ya koma ciki. A barandar akwai dogon benci inda masu jiran awo ke zama, tsofaffi uku da wata mata mai goyo. Ya cire malafarsa ya zauna a ƙarshe. Da layi ya zo kansa Wasila ta ɗago ta gan shi, ta jawo sabuwar takarda. Ta rubuta sunansa da garinsa. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce damina uku. Ta kai alƙalami layi na gaba ta tsaya.

"Sana'a, Baba?"

Labbo ya juya malafar a hannunsa.

"Rubuta makiyayi," in ji shi. "Shi nike kahin a san ni."